Zauren Tambaya da Amsa: In Baki Ya Ce "Lafiya Lau", Me Hoto Zai Ce?

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu ɗaya: amfani da hoto da zane wajen binciken rayuwar ɗaliban digirin digirgir da ke karatu a ƙasar da ba tasu ba. Na taƙaita su, na kuma cire sunayen masu su da na jami'o'insu.

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malama. Ina shekara ta biyu a digirin digirgir a fannin ilimi, a wata jami'a a Turai. Bincikena a kan 'yan'uwana ɗalibai ne da suka baro ƙasashensu suka zo wannan karatu: yadda suke zama, da yadda suke ƙarewa da masu duba aikinsu. Na yi hirar gwaji da wasu, amma abin da nake samu ba ya ƙosarwa. Kowa sai ya ce komai lafiya, jami'a tana ƙoƙari, mai duba aikinsa mutumin kirki ne. Ina kashe rikoda sai a fara ba ni labari na gaske, wanda ba ni da izinin rubutawa. Mai duba aikina ta ce in gwada sa su ɗauki hotuna ko su yi zane. Ni kuwa gani nake wasan yara ne, kuma ina tsoron ranar kare kundi a ce ban yi bincike ba. Me kike gani?

Daga wata ɗaliba

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Mutanen nan ba ƙarya suke yi miki ba, lissafi suke yi. Dubi matsayin wanda ke zaune gabanki. Bizarsa a ɗaure take da rajistarsa a jami'a, rajistar a ɗaure take da rahoton ci gaba da ake cikewa duk shekara, rahoton kuwa mai duba aikinsa ne ke sa masa hannu. In tallafin karatu yake ci, masu tallafin ma wannan rahoton suke jira. A gida kuma an riga an fara kiransa Dakta tun bai gama babi na biyu ba. Sai ga ki da rikoda da takarda mai tambarin jami'ar da yake karatu, kina tambayarsa, cikin harshen da ba da shi ya tashi ba, ko yana jin daɗin mai duba aikinsa. Ke ma da "lafiya lau" za ki amsa.

Kuma ba 'yan tsiraru kike bincike a kansu ba. Alƙaluman ƙungiyar OECD, wadda yawancin mambobinta ƙasashe ne masu ƙarfin tattalin arziki, na nuna cewa a ƙasashenta kusan ɗaya cikin huɗu na masu karatun digirgir baƙi ne, a Birtaniya kuwa sun haura kashi 40 cikin ɗari. Damuwar da ke tattare da karatun ma an auna ta. A 2017 Katia Levecque da abokan aikinta sun fitar da binciken da suka yi a kan ɗalibai 3,659 a yankin Flanders na Beljiyam, suka samu kusan ɗaya cikin uku na cikin haɗarin kamuwa da wata lalurar ƙwaƙwalwa, musamman ciwon damuwa. A 2019 mujallar Nature ta tambayi ɗaliban digirgir fiye da 6,000 a faɗin duniya, kashi 36 suka ce sun nemi taimako saboda fargaba ko ciwon damuwa da karatun ya jawo musu. Waɗannan alƙaluman sun haɗa baƙi da 'yan gida. Baƙon yana da ƙarin kaya a kansa, kuma wannan ƙarin ne kike nema, shi ne kuma rikodarki ba ta kamawa.

Irin wannan matsalar ce ta haifi hanyar da mai duba aikinki take ba ki shawara. A shekarun 1950 wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, John Collier, ya yi aiki da masu bincike na jami'ar Cornell waɗanda ke nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa a garuruwan gabashin Kanada. Sai ya yi gwaji: a yi hira da wasu iyalai ana ajiye musu hotunan unguwarsu da wuraren aikinsu, wasu kuma a yi musu tambaya zalla. Ya buga sakamakon a 1957. Hirar da aka yi da hoto ta fi tsawo, bayaninta ya fi fita dalla-dalla, kuma mutanen ba su ƙosa da mai binciken ba idan ya sake dawowa. Saboda haka hanyar ta kusa shekara saba'in, ta girmi yawancin waɗanda za su zauna a kwamitin jarrabawarki. A 2002 Douglas Harper ya rubuta maƙalar da har yau ita ake fara ambata idan ana kare wannan hanya. Ki neme ta ki karanta kafin ki yanke hukunci.

Me hoton ke yi? A hira ta yau da kullum ido cikin ido ake yi, ke ce mai tambaya, shi ne mai amsawa, kuma duk tambayar da kika yi yana auna abin da zai biyo baya. Da an ajiye hoto a kan tebur sai idanun ku biyu su sauka kansa. Maganar ta tashi daga "kai yaya kake" ta koma "wannan mene ne". In kuma shi ya ɗauki hoton, to shi ne masani, ke ce mai neman a fahimtar da ke. Ya zaɓi abin da za a yi magana a kai tun kafin ya zo, ya yi kwanaki yana tunaninsa, ya ma nemo kalmomin da zai faɗa. Ga mai magana da harshe na biyu ko na uku, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Bari in nuna miki. A wani zaman bita da na yi da ɗaliban bincike, na ce kowa ya zo da hoton wani abu da yake gani kullum a karatunsa. Wani bawan Allah mai ɗan shekaru, wanda a ƙasarsa malamin jami'a ne mai ofis da ɗalibai, ya kawo hoton ƙofa. Ƙofar katako ce, a rufe, akwai ƙaramin allon suna wanda ya kare da babban yatsansa lokacin ɗauka, hasken fitila kuma na fitowa ta ƙarƙashinta. Ya ce ofishin mai duba aikinsa ne, hasken nan shi ke nuna masa mutumin yana ciki. Yakan zo ya tsaya, ya ga hasken, ya juya, domin bai san ko a wannan jami'a ana ƙwanƙwasa wa farfesa ƙofa ba tare da an fara aika masa imel ba. Ya kuma ji nauyin tambaya, don yana ganin mutum mai matsayinsa bai kamata ya jahilci irin wannan ba. Da tambayarsa aka yi yaya dangantakarsa da mai duba aikinsa, da "tana da kyau" zai ce, kuma gaskiya ya faɗa, farfesan bai taɓa yi masa komai ba. Irin waɗannan dokokin da babu inda aka rubuta su, amma kowa ake sa ran ya sani, su ne Dely Elliot ta jami'ar Glasgow da abokan aikinta suka yi littafi a kansu a 2020, suka kira su ɓoyayyar manhajar karatun digirgir. Ɗan gida yakan tsince su a hanya tun daga digirin farko. Baƙo sai ya yi karo da su.

Amma ki lura da abu ɗaya, shi ne kuma ginshiƙin amsata. Da ni kaɗai na kalli hoton nan, da na rubuta cewa mai duba aikin yana rufe wa ɗalibinsa ƙofa, da kuma na zalunci mutumin. Mukan ce gani ya kori ji, to a wannan aikin bai kore shi ba. Hoton mabuɗi ne kawai, bayanin mai hoton shi ne bayananki. Duk kundin da na karanta na ga mai binciken ya zauna yana fassara hotunan mutane da kansa, wai taga na nufin kewar gida, duhu na nufin baƙin ciki, nakan san ya kauce hanya. Wani ya ɗauki taga ne don nan kaɗai wayarsa ke kama intanet.

Hanyoyin kuma ba ɗaya ba ne, kada ki cakuɗa su. Da can kyamara a hannun mai bincike take. Margaret Mead da Gregory Bateson sun ɗauki hotuna kusan 25,000 a tsibirin Bali a ƙarshen shekarun 1930, su suka zaɓi abin ɗauka, su suka fassara. Babban sauyi ya zo a farkon shekarun 1990, lokacin da Caroline Wang da Mary Ann Burris suka raba kyamarori ga matan karkara 62 a lardin Yunnan na ƙasar Sin, suka ce su ɗauki rayuwarsu da kansu. Matan suka taru suka tattauna hotunan, sannan aka kai su gaban jami'an lardin. Hotunan jarirai da ake kwantarwa a bakin gona yayin da iyaye mata ke aiki na cikin abin da ya sa aka buɗe wuraren renon yara. Wannan hanya, da za mu iya kira muryar hoto, ta ɗauki tunaninta daga masanin ilimi Paulo Freire na Burazil, kuma ƙafa uku take tsaye a kai: mutane su ɗauki hoto da kansu, su tattauna a taro, a kai saƙon ga masu iko. Ɗalibai da yawa sukan ari sunanta alhali hira kawai suka yi da mutum ɗaya-ɗaya. In ba ki da niyyar tara su ko kai maganarsu gaban hukumar jami'a, ki kira aikinki hira da hoto, babu aibi a ciki. Ga batu irin naki ma, inda kowa ke tsoron a ji ƙorafinsa, ni na fi son hirar mutum ɗaya. A taro, ɗalibi ba zai soki mai duba aikinsa ba alhali wanda ke gefensa ɗan sashensu ne.

Zane kuwa yana kama abin da kyamara ba ta iya kamawa, wato abin da ya wuce. Ki ba mutum babbar takarda ki ce ya zana tafiyarsa tun daga ranar da ya samu gurbin karatu, a matsayin kogi ko hanya, ya nuna inda ta miƙe da inda ta karkace. Wannan zai yi miki amfani na musamman, domin akwai wani tsohon ra'ayi da ya cika littattafan fanninki. A 1955 Sverre Lysgaard ya yi nazarin 'yan Nowe 200 da suka je Amurka da tallafin karatu na Fulbright, ya ce sabon baƙo yakan fara da murna, ya faɗa ƙunci, sannan ya farfaɗo. Ofisoshin kula da ɗalibai baƙi har yau suna nuna zanen wannan ra'ayi, mai lanƙwasa kamar harafin U, ga sababbin zuwa. Amma a 1998 Colleen Ward da abokan aikinta sun bi ɗaliban Japan da ke karatu a New Zealand na tsawon lokaci, suka samu wahalar ta fi tsanani tun a farkon zuwa, babu wata murnar farko. Ɗalibin digirgir kuwa, mai shekara uku ko huɗu ko fiye, tafiyarsa ba ta bin lanƙwasa ɗaya. Akwai ramin tantancewar ƙarshen shekarar farko, akwai na komawa gida tattara bayanai ya tarar ya zama baƙo a can ma, akwai na ƙarewar tallafi kundi bai ƙare ba. In kowa ya zana tasa, za ki sami abin da za ki yi jayayya da shi, ba ki tsaya maimaita abin da aka rubuta ba.

Akwai kuma taswira, wadda Kevin Lynch ya shahara da ita a 1960, da ya sa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles su zana garuruwansu daga ƙwaƙwalwa. Ki ce ɗalibi ya zana garin da yake zaune. Wani zai zana miki ɗakinsa da laburare da tashar bas, sauran takardar fari fat, alhali ya shekara uku a garin. Sai hoton harsuna, wanda Brigitta Busch ta Ostiriya ta yi aiki da shi sosai: a ba mutum zanen jiki da babu komai a ciki, ya shafa wa kowane harshe da yake ji launi a gaɓar da yake jin nan harshen yake. Ga mai tunani da wani harshe yana rubuta kundi da wani, wannan kan buɗe magana mai tsawo.

Game da yadda za ki tsara, abin da na fi jin tsoro shi ne umarnin da za ki ba su. In kika ce "ku ɗauki hoton kaɗaicinku", kin riga kin rubuta sakamakon, za su kawo miki kujerun da babu kowa da titunan dare don su faranta miki. Ki ce su ɗauki wurare da abubuwan da suka cika makonsu, masu sauƙaƙa musu da masu nauyaya musu. Hoto biyar zuwa goma ya isa. Ki buga su a takarda in da hali, domin mutum ya iya jera su, ya matsar da wannan, ya kife wancan. Shi zai zaɓi na farawa, shi zai ba kowanne suna. Kafin ku tashi kuma ki tambaye shi: wane abu ka so ɗauka ba ka iya ba? Sau da yawa amsar wannan ta fi hotunan duka nauyi.

Wajen nazari, littafin Gillian Rose da ya fara fitowa a 2001 zai taimake ki. Takan ce a dubi yadda aka samar da hoton, da abin da ke cikinsa, da kuma wanda aka yi shi domin ya gani. Na ukun nan ne ya fi shafarki. Domin ke aka ɗauki hotunan, 'yar'uwarsu baƙuwa, bayanki kuma ga jami'a tana leƙe. Zamanki ɗaya daga cikinsu zai sa su sake da ke, zai kuma sa su riƙa cewa "ai kin sani" su tsallake bayani. Kada ki yarda. Ki ce ba ki sani ba, su faɗa da bakinsu, domin "kin sani" ba ya shiga kundi.

Hanyar tana da tsada, kada in ɓoye miki. Kina roƙon lokacin mutanen da ba su da shi. Mai biza ta ɗalibi a Birtaniya, alal misali, awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma da yawa suna cika su kaf don biyan haya. Wasu za su ce ba su iya zane ba, wasu za su ga raini ne a ba babban mutum fensir mai launi, wasu kuma ba sa zana mai rai saboda addini. Ki ba da zaɓi: hoto, ko zane, ko mutum ya zo da wani abu daga ɗakinsa ya yi bayani a kansa.

Ranar kare kundi ba za a tambaye ki ko hoto bincike ne ba, an wuce nan. Za a tambaye ki me ya sa wannan hanya ta dace da wannan tambaya. Amsar tana hannunki tun yanzu: kin gwada hira zalla, kin ga inda ta tsaya. Kina iya rubuta cewa mutane sun fi magana bayan an kashe rikoda ba tare da kin faɗi ko kalma ɗaya daga abin da suka ce ba. Ki rubuta wannan a babin hanyoyin bincike tun yau, kafin ki manta yadda abin ya faru.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ni a kimiyya nake, ina shekara ta uku. Wata mai bincike a jami'armu ta gayyace ni in shiga aikinta, in ɗauki hotunan rayuwata a matsayin ɗalibi baƙo. Ta ce ba za a saka sunana ba. Ina so in shiga domin akwai abubuwan da ke damuna a ɗakin gwajinmu, amma ni kaɗai ne daga ƙasata a sashen. Akwai hatsari?

Daga wani ɗalibi

AMSA

Akwai, ɗan'uwa, kuma tsoronka na kan hanya. Canza suna yana aiki a rubutu, a hoto ba ya yi. Ko an dusashe fuska, teburinka teburinka ne, abin da ake hangowa ta tagar ɗakin gwajinku duk ɗan sashen ya san shi. In aka rubuta a ƙasan hoto "ɗalibi namiji daga yanki kaza, shekara ta uku, kimiyya", an faɗi sunanka ke nan ga duk wanda yake da muhimmanci a wurinka. Kuma kundin digirgir yanzu ba a kabad yake kwana ba. Yawancin jami'o'i suna ɗora shi a rumbunsu na intanet, kowa na iya saukewa, har da mai duba aikinka da wanda zai ɗauke ka aiki nan gaba.

Ba cewa nake ka ƙi ba. Ka zauna da ita ka yi tambayoyi, kuma ka nemi amsar a rubuce. Shin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya amince da aikin? Wane ne mai duba aikinta, kuma yana da alaƙa da sashenku? Su waye za su ga hotunan kafin a tace su? Har zuwa wace rana kake da damar janyewa? Mai binciken da ta san aikinta za ta ba ka takardar amincewa iri biyu, ko ɗaya mai kashi biyu: amincewar ka nuna mata hoto ku yi magana a kansa, da amincewar a buga shi. Ta biyun hoto-hoto ake yin ta, bayan hira, ba kafin ba. Kana da damar cewa wannan ta gani, ta rubuta abin da na ce a kansa, amma kada ya fito a kundi ko a allon taro. In ta ce duk a haɗe suke, ka gode mata ka tafi.

In a Turai kake, dokar kare bayanan sirri da ta fara aiki a Mayun 2018 tana ɗaukar hoton da za a iya gane mutum a ciki a matsayin bayanansa na sirri, Birtaniya ma ta riƙe irinta bayan ficewarta daga Tarayyar Turai. Wannan ya shafe ka ta fuska biyu: tana kare ka, tana kuma kare abokan ɗakin gwajinka, waɗanda ba su amince da komai ba. Kada ka ɗauke su, kada ka ɗauki allon kwamfuta ko littafin gwaji mai sakamakon da ba a buga ba, domin wannan na iya jefa ka cikin wata rigimar daban da masu ɗaukar nauyin aikin. Ka kuma sani hoton waya yakan ɗauki ranar da aka ɗauke shi, da irin wayar, har da daidai wurin in ba ka kashe ba. Ka kashe nunin wuri a kyamarar kafin ka fara, ka tambaye ta ko tana goge waɗannan bayanan kafin ta adana.

Shawarata gare ka ita ce ka nemi yin zane maimakon hoto, ko ka ɗauki abubuwan da ba na sashenku ba waɗanda za su tsaya a madadin abin da kake nufi. Ka kuma ce a faɗaɗa bayaninka, kada a ambaci ƙasa ko fanni. Sannan, abin da ke damunka a ɗakin gwajin, in ya kai a ɗauki mataki ne, kada ka jira binciken nan ya magance maka. Kundinta zai iya ɗaukar shekara biyu kafin ya fito, kuma ba takardar ƙara ba ce. Jami'o'i da yawa suna da malamin da ke kula da ɗaliban bincike wanda ba mai duba aikinka ba, ƙungiyar ɗalibai ma takan sami masu ba da shawara a sirrance. Ka fara da su.

TAMBAYA

Malama, me zai hana in huta da wahalar neman mutane, in tattara hotunan da ɗalibai baƙi ke sakawa a Instagram da Facebook in yi nazarinsu? Ai suna nan a fili.

Daga mai shirin fara digirgir

AMSA

Kana iyawa, ƙanena, amma wani binciken ne daban. Hoton da ɗalibi ya saka yana murmushi a gaban tsohon ginin jami'a cikin dusar ƙanƙara, domin mahaifiyarsa ya saka shi, da abokan da suka raka shi filin jirgi, da masu tallafin da ke son ganin kuɗinsu ya yi amfani. Zai nuna maka yadda baƙo ke son a gan shi, wannan kuwa batu ne mai kyau in shi kake nema. Ba zai nuna maka yadda yake zama ba, kuma babu mai shi a kusa da zai gyara maka in ka karanta shi a karkace.

Zaman hoto a fili kuma bai mai da shi naka ba. Haƙƙin mallakarsa na wanda ya ɗauka ne, ba don bincike ya saka shi ba, kuma in ka buga shi a kundi, binciken hoto a Google zai iya kai kowa shafin mai shi nan take. Kwamitin ɗa'a zai tambaye ka wannan tun a takardar farko. In har kana son hotunan shafukan, ka nemi masu su, ka zauna da kowanne ya buɗe maka shafinsa da kansa, ya zaɓi wasu, ya gaya maka abin da ke faruwa a ranar da ya saka su da kuma wanda ya so ya gani. Ka ga ka dawo ga neman mutanen da kake gudu, don haka ka ware wa wannan aikin watanni a jadawalinka tun yanzu.